Ɗinkin Ƙafar Mai Sabulu

Ƙafar ta cire ne daidai lokacin da Mai Sabulu take saukowa daga bas. Ita ta yi gaba, ƙafar ta tsaya a kan matakala da takalminta da safarta, ƙiƙam, kamar ita ba a nan za ta sauka ba. Ba don wata mai goyo ta tare ta da kafaɗa ba, da da haƙora za ta gaisa da kwalta.

Sai kwandasta ya sunkuya ya ɗauko ƙafar ta wajen idon sawu, yana riƙe da ita nesa da jikinsa.

"Mama, kin bar kayanki."

Wani ya yi dariya a bayan mota, ya yi maza ya mayar da ita tari.

"Riƙe ta da hannu biyu," in ji Mai Sabulu. "Ta girme ka. Kuma ta fi ka shiga wuraren mutunci."

Mai goyon ta riƙe ta har bakin wani dakali a gaban shagon mai faci. Ta zauna, ta ɗora ƙafar a cinya tana dubawa. Ƙafar roba ce daga ƙasan gwiwa, irin wadda ake zura dungulmin a ciki a ɗaure da maɗaurin fata a saman gwiwa. Robar lafiyarta ƙalau. Maɗaurin ne ya yage, zaren ya zazzago yana lilo kamar gemun akuya.

Kuma yau ce ranar da bai kamata ba. Tun da hantsi mijin 'yarta ya kira ta: Shalele na asibiti, naƙuda tun jiya, abu ya ƙi gaba ya ƙi baya. Shalele ita kenan gare ta a duniya, sunan gida ne ya bi yarinyar har ɗakin aure. Mai Sabulu ta rufe teburin sabulunta da buhu, ta ce wa maƙwabciya ta sa ido, ta hau mota. Asibitin yana can ɗaya ƙarshen gari, sai an sake mota a wannan tashar. Ga ta nan a tashar, ga ƙafa a cinya.

Ta duba hagu da dama ta ga ko akwai wanda za ta zaga. Babu wanda ya dace, don ta san hannun da ya jawo.

Tun Shalele na 'yar firamare babbar mota ta taka Mai Sabulu a bakin kasuwa. Ba a daɗe ba aurenta da mijinta, wani baduku, ya bi ƙafar. Da yarinyar ta yi wayo, duk lokacin da maɗaurin ya tsufa ita ke sa ƙafar a buhu ta ce za ta kai wa masu gyara na asibiti. Da yamma ta dawo da ita, ɗinki a jere kamar haƙoran yaro, yana ƙanshin kakin zuma. Matar da ta yi zaman aure da baduku a ce ba ta gane ɗinkinsa ba? To, ita dai ta ce ba ta gane ba, kuma duk unguwar babu wanda ya isa ya ce ta gane. Haka aka yi ta tafiya, kowa da bakinsa a rufe, har Allah ya haɗa ta da suruki mai kirki marar kan gado. Da cikin Shalele ya yi nauyi ya zo gaishe ta, ya durƙusa da ladabinsa ya ce, "Mama, in ƙafar na son gyara ki ba ni in kai wa Baba, tunda ita ba ta iya fita yanzu."

Shi kenan, an faɗa da baki. Abin da aka faɗa da baki kuwa dole a yi fushi a kansa. A ranar ta sa reza ta farke ɗinkin nan ɗaya bayan ɗaya, ɗinkin da ba abin da ya same shi, har sai da yatsunta suka yi ciwo don zaren ya ƙi fita. Ta kai wa mai gyaran takalmin bakin layinsu. Ya shafa gam, ya soka, ya ɗinke kafin ta gama gyara zama. Har yaba masa sauri ta yi.

Mai gyaran takalmin da ke tashar ya zo ya juya ƙafar, ya taɓe baki.

"Mama, fatar nan ta mutu. Sai sabuwa. Sai dai layin dukawa, nan bayan kasuwa."

"Na san inda yake."

Wani mai baro da ke tsaye yana kallo ya matso. "A kai kayan ne, ko har da mai kayan?"

Ta dube shi tun daga hularsa har silifas. Ba wata hanya. Ya shimfiɗa kwali a cikin baron, ta shiga, ta rungume ƙafar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Haka ya tura ta ta cikin masu robobi da masu gwanjo yana faɗin a ba da hanya, ita kuwa tana rantsuwa a ranta. Layin dukawa ai ba mutum ɗaya ba ne. Za ta tsaya a shagon farko.

A shagon farko wani mai gemu ne a kan keken ɗinki, yana ta fitar da jakunkunan leda masu kama da fata. Ya leƙa, ya girgiza kai.

"Keke ba ya shiga lungun nan, Mama. Aikin hannu ne. Duk layin nan mutum ɗaya ya rage mai yin sa, tsohon can na ƙarshe."

"Ban da shi fa?"

"Ban da shi sai dai a lahira."

Shagon na ƙarshe bai canja ba, sai duhu da ya ƙara. Naɗaɗɗun fatu jingine a kusurwa, guntaye zube a ƙasa, katakon yanka ya lotsa a tsakiya. Ƙusar da ake maƙala zare tana nan a jikin ƙofa, ta yi baƙi tana sheƙi. Baduku na zaune a ƙasa da tabarau a kan hanci, hannun tabaran ɗaya ya karye ya ɗaura zare ya zagaya kunne. Ya tsufa. Ta so ta ji daɗin hakan, ba lokaci.

Mai baro ya sauke ta a kan benci. Ba ta yi sallama ba. Ta dangwarar da ƙafar a kan jakar makarantar da yake ɗinkawa.

"Aiki na kawo, ba gaisuwa ba."

Bai ɗago ya dube ta ba, ƙafar ya duba. Ya sa farce ya ja zaren, ya tsinke ko ƙara bai yi ba. Ya murza guntun tsakanin yatsu, ya zama gari.

"Wa ya yi wannan?"

"Wanda ya fi ka sauri."

"Zaren riga ne. Ko nuna masa kaki bai yi ba. Wurin nan kullum cikin gumi yake, zaren da ba kaki sha yake yi kamar lagwani har ya ruɓe." Ya ɗaga maɗaurin wajen haske. "Kuma bai bi ramukana ba, sabbi ya huda a tsakani. Ya mayar da fatar rariya."

"Ban zo ɗaukar karatu ba. Ɗinke."

"Ba abin ɗinkewa. Sai an yanko sabuwa."

"To yanko."

Ya juya ƙafar ya sake juyawa. "Nawa ɗinkin fa? Ɗinkina ba ya warwarewa da kansa."

"Reza ta cinye shi. Ni na ba ta."

Ya miƙa hannu ya jawo wata fata, ya lanƙwasa, ya mayar. Ya jawo wata, ya lanƙwasa, ya sunsuna, sannan ya shimfiɗa ta a kan katako. Ya ɗora tsohon maɗaurin a kai ya zana, ya sa wuƙa ya yanka, ya fere bakin don kar ya ci mata jiki. Ya ɗauki tsinken huda ya bi layi yana soka, rami bayan rami, kamar mai shuka a gonar da ba wanda ke jira. Mai Sabulu tana kallon ƙofa tana kaɗa ƙafarta mai rai.

Sannan ya zo kan zare. Ya warware, ya auna da buɗin hannuwansa, ya yanke, ya maƙala a ƙusa. Ya ɗauko dunƙulen kakin zuma daga cikin wani gwangwani, dunƙulen duk ya yi tsaga-tsaga saboda bin zare. Ya ɗora ya ja. Zaren ya yi 'yar ƙara. Ya koma ya sake ja. Ya ɗauki guntun fata ya goge zaren da ƙarfi har ya ɗumama, kakin ya shige ciki. Ya sake ɗaukar dunƙulen.

"Wai sau nawa za ka shafa? Zare ne ko amarya?"

"Sai ya sha."

"Sa gam ka sallame ni."

"Gam ne ya kawo ki nan a baro." Ya ja. "Ina za ki da sauri haka?"

"Inda ba ka zuwa."

Tun a cikin baro ta yanke ba za ta faɗa masa ba. Mutumin da ya kasa sake hawa benen asibiti don matarsa ba shi da rabo a labarin asibiti. In an haihu ya ji a gari kamar kowa.

Amma shiru ba abincinta ba ne, kuma ƙarar zaren nan tana shiga mata har haƙori.

"Wa ya roƙe ka? Duk shekarun nan, wa ya ce ka taɓa min ƙafa?"

"Yarinya ke kawowa."

"Yarinya ke kawowa. Ta roba kana iya rungumarta a cinya ka wuni da ita. Da nake kwance fa? Sau ɗaya ka shigo. Ka ga zanin gado ya kwanta inda bai kamata ya kwanta ba, ka juya. Ina jin amanka a baranda, ni da matan ɗakin duka. Mutumin da ke wuni cikin fatar matattun dabbobi. Daga nan sai kwanon abinci kake aikowa, kamar kwano na aura. Na dawo gida, in zan wanke ciwon sai ka tuna ka bar aiki a shago. In na kwanta ka juya wa bango. Bangon nan ya fi ni sanin fuskarka."

"Ni ban sake ki ba sai da kika..."

"Sai da na shaƙe wuyan rigarka ina tsaye da ƙafa ɗaya. Eh. Jarumtar da aka yi a gidan kenan, kuma ni na yi ta."

Wani mai keken ɗinki a shagon kusa ya daina taka kekensa. Baduku ya zare zaren daga ƙusa, ya bi shi da yatsu biyu daga farko har ƙarshe.

"Na san ƙafar," ya ce, yana magana da zaren. "In an kawo ina duba inda fatar ta yi baƙi, inda ta lotsa. Nan ƙashi ke taɓawa. Shekarar da kika rame na gani. Na ƙara miki laushi a nan gefen."

"Ka san ta ta bakin saniya. Sannu da ƙoƙari."

Wayarta ta yi ƙara a cikin ƙullin zani. Wayar irin wadda ba ta da sirri ce, in ana magana har na shago na uku yana iya sa baki. Ta so ta ƙi ɗauka, ta ga surukin ne.

"Mama, kina ina? Likita ya ce aiki za a yi mata, jaririn ya gaji. Suna shirya ɗakin yanzu. Sai kiran ki take yi."

"Ka ce ina hanya."

"Mama, ki yi sauri. In sun shiga da ita ba mai ganin ta kuma."

"Na ce ina hanya. Ka je ka tsaya kusa da ita, ka daina yi min kuka a kunne."

Ta kashe. Basillar da ke hannun Baduku ta faɗi a kan katako ta gangara. Yanzu kam ya dube ta.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya."

"Kika zauna nan kina ba ni labarin bango?"

"Kar ka soma, Baduku. In ka soma ni zan ƙarasa."

Ya laluba ya ɗauki basillar. Ya kai bakin zaren ga ramin, zaren ya wuce ta gefe. Ya sake, ya sake wucewa. Ya cire tabarau ya goge da riga ya mayar, bai hana ba.

"Kawo nan."

Ta fizge. Ta dangwali kaki da babban yatsa ta murza bakin zaren, ta danne shi da haƙori ya yi faɗi, ta zura. Ta juya ɗaya bakin ta zura a basilla ta biyu, don ɗinkin fata irin wannan basilla biyu yake ci, ɗaya a kowane ƙarshen zare. Tana amarya ita ke shafa masa zaren wuni tun da safe, ta jera masa a ƙusa kafin ta ɗora tukunya. Kai ya yi iya yinsa ya manta, hannu ya ƙi. Wani abin haushin kenan.

"Tashi. A mota za ka ɗinka."

"A mota? Basilla za ta..."

"Ta shige ka. Kana da jini ai."

Mai baro bai tafi ba, yana raɓe a bakin ƙofa, don wanda ya ga farkon irin wannan ba ya barin ƙarshensa. Ya sake ɗaukar ta. Baduku ya biyo su da ƙafa a hammata, basilla biyu a baki, kaki da zare da tsinke a aljihu, shago a buɗe. Ya yi wa mai keke nuni da kai ya sa ido.

A bakin titi suka tare tasi. Direban ya dubi tsohon da ƙafar mutum a hammata, ya dubi matar da ke cikin baro.

"Asibiti, ko ofishin 'yan sanda?"

"Asibiti. Ɓangaren haihuwa."

Direban ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskarta, ya buɗe ƙofa.

Suka zauna a baya, ita a wannan ƙofar shi a waccan, amma motar ƙarama ce. Ya matse ƙafar tsakanin gwiwoyinsa. Basilla ɗaya ta shiga ta nan, ɗayar ta shiga ta can, suka gifta a rami ɗaya, ya buɗe hannuwa ya ja. Kowane ja sai gwiwar hannunsa ta daki haƙarƙarinta.

"Da gangan kake yi."

"Matsa."

"In matsa ina, kan titi?"

Motar ta faɗa rami, suka yi sama suka dawo, basilla ta shige masa babban yatsa. Ya tsotse ya ci gaba, jinin ya ɗan ɓata gefen sabuwar fatar. Ta lura ɗinkin da ya riga ya ja bai saki ba ko kaɗan, duk da ya saki zaren gaba ɗaya lokacin da ya kai yatsa baki. Kakin ya kama ramin ya zauna. Ta lura, ba ta faɗa ba.

A mahaɗar hanya suka tarar da cunkoso. Wata motar ruwa ta mutu a tsakiya, kowa na danna oda kamar oda ce za ta tura ta. Direban ya waiwayo.

"Baba, ina da wayar ƙarfe a but. A murɗa kawai a wuce wurin."

"Tuƙa motarka," suka ce tare.

Ba wanda ya ji daɗin haɗuwar bakin. Ta juya ta leƙa taga, ta zagi mai motar ruwan, ta zagi wanda ya sayar masa da ita.

"Zaren zai ƙare kafin ɗaya gefen," in ji Baduku.

"Ka ga aunin naka."

Ta sa hannu a aljihunsa da kanta ta ciro zare da kaki. Ta auna, ta yanke da haƙori, ta maƙala a ƙarfen matashin kujerar direba, ta ja. Ta sake ja. Zuciyarta na cewa ya isa, yatsunta na cewa da saura. Ta yi tsaki ta ƙara, ta goge da gefen zaninta har zaren ya yi zafi ya miƙe kamar tsinke.

"Ya sha," ya ce, da ya taɓa.

"Ban tambaye ka ba."

Direban ya hau gefen titi ya bi ta gaban wani gidan mai, ya fita ta wani lungu. Wayar ta sake ƙara. Ta ɗauka ta ce, "Mun kusa," ta kashe kafin surukin ya ji wa da wa ke cikin mun ɗin.

Baduku ya kai ƙarshen layi, ya koma baya rami uku don ya kulle, ya yanke zaren. Sai ya tsaya da ƙafar a hannu.

"Me kuma?"

"Saura ramin da ƙarfen ɗaurewa zai shiga. Da tsohon nake aunawa. Tsohon kuwa daidai nan ya yage."

"To?"

"Sai an gwada a jiki."

Ta dube shi. Sannan ta janye zani zuwa gwiwa, ta zare safar da ke rufe da dungulmin.

"To kalla. Ba mijina ba ne kai, ka kalla kamar likita."

Direban ya murɗa madubinsa sama, ya ƙara muryar rediyo.

Ga shi nan dai, dungulmi ne. Sumul, da tabon ɗinkin asibiti da ya yi fari, da wani jan wuri a saman gwiwa inda maɗaurin mai gyaran takalmi ya yi ta goga. Ta jira ya juya wa taga. Ta riga ta tanadi maganar da za ta faɗa in ya juya, ta daɗe tana wasa ta kamar wuƙa. Leɓensa ya yi fari, gumi ya tsatso masa a ƙarƙashin hula. Bai juya ba.

"Ya goge ki a nan," ya ce. Ya kai babban yatsa, mai kaki da jini, ya taɓa gefen jan wurin.

"Ba shafa na ce ba. Auna."

Ta mayar da safar, ta zura dungulmin a cikin robar. Ya zagayo da maɗaurin ta saman gwiwa, ya ja, ya sa yatsa ɗaya a ƙarƙashi, ya ɗan sassauta, ya yi alama da tsinke. Ya zare, ya ɗora a kan tafin takalminsa ya huda. Ya ɗaura mata. Maganar da ta tanada ta rasa inda za ta ajiye ta.

A ƙofar asibiti ta fito, ta tsaya, ta buga ƙafar a ƙasa. Ta sake bugawa da ƙarfi. Ƙafar ta zauna daram.

"Aikinka ya ƙare. Direba, mayar da shi inda ka ɗauko shi."

Ta wuce ba ta waiwaya ba. Ba sai ta waiwaya ba, ta san jan takalminsa. Ya biyo ta daga nesa ta cikin masu jinya da ke shanya a kan shinge, ta gaban ɗakin magani, har gindin bene. Na'urar hawa ta mutu, an jingina mata tsintsiya. Ta kama ƙarfe ta soma hawa. Jan takalmin ya tsaya a ƙasa.

Ai dama, ta ce a ranta. Ta hau da haushinta, shi ya fi ƙarfen taimaka mata.

A sama ta tarar da surukin yana safa da marwa, rigarsa a juye bai sani ba. Wata nas mai faɗin kafaɗa ta tare ƙofa.

"Uwarta ce? Mutum ɗaya, kuma a taƙaice. Yanzu za mu tura ta."

Shalele na kwance a kan gadon turawa, an sa mata hular leda, ruwa na ɗiga a hannu, leɓenta ya bushe ya tsage. Ta ga uwarta, fuskar ta narke.

"Inna."

"Ke dai komai naki sai an sha wuya. Haka kika yi min ni ma." Ta sunkuya ta kama fuskar da hannu biyu, ta share mata gumi da babban yatsa. "Ga ni. Ba abin da zai same ki. Su yanka su ɗinke, ba a kanki aka fara ba, dube ni."

Shalele ta yi 'yar dariya, ciwo ya katse ta. Ta riƙe hannun uwar ta danna a kumatunta. Sai ta tsaya. Ta juya hanci cikin tafin.

"Kaki," ta ce.

Mai Sabulu ta so ta janye hannun, an riƙe shi gam.

"Yana nan?"

"Wa?"

"Inna."

"Yana ƙasa. Can ya iya."

"Ina son in gan shi kafin su shiga da ni."

"Mutum ɗaya na ce," in ji nas, tana taka birkin gadon da ƙafa. "In wani zai shigo ke ki fita. Ku yanke, likita na jira."

Ita ta ratsa kasuwa a baro kamar buhun albasa. Ita kwandasta ya miƙa wa ƙafarta a gaban jama'a. Ita ta goyi yarinyar nan da sanda a hammata, ta tashe ta da kuɗin sabulu. Duk wannan ya zo mata har bakin haƙori. Ta dubi idon 'yar, ta haɗiye, ya wuce da ƙyar. Ta tofa mata addu'a a goshi, ta zare hannunta, ta fita.

Daga baranda ana hango gindin benen. Yana nan tsaye kusa da famfo, hula a hannu, ragowar zare rataye a wuya, yana kallon matakalar farko. Ta buɗe baki, sai ta rasa da me za ta kira shi. Baduku na shago ne. Sauran sunayen da ta daɗe tana kiran sa da su ba na gaban mutane ba ne.

"Baban Shalele."

Bai ji ba. Ta leƙa sosai ta ɗaga murya, har masu shanya suka waiwayo.

"Baban Shalele! Hawo, 'yarka na kira. In amai za ka yi, yi shi nan ƙasa, sama an goge."

Ya hawo. Da hannu biyu ya kama ƙarfen, fuskarsa kamar toka, ya wuce ta gabanta yana haki bai tsaya ba. Nas ta dube shi da zare a wuya, ta matsa masa. Ƙofa ta rufe.

Mai Sabulu ta zauna a kan bencin baranda. Surukin ya zo ya raɓa a ɗaya gefen, ya dubi ƙafar.

"Mama, ashe sabon maɗauri aka sa. Wa ya..."

"Kai, bakinka ya yi aikin da ya ishe shi bana. Juya rigarka."

Ya tafi juyawa. Ta ji ƙarar ƙafafun gadon ana tura shi ta ɗaya ƙofar, da muryar tsohon ƙasa-ƙasa tana bin sa. Ta miƙe ƙafar, ta zura yatsa a ƙarƙashin maɗaurin, ta bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya tana ja da farce, ko za ta sami guda da ya saki, wanda za ta tare shi da shi in ya fito. Ɗinkin cikin mota, a kan ramuka, da yatsa mai jini. Ta kai ƙarshe ta dawo.

Ta yi tsaki, ta ja zani ta rufe, ta ɗan matsar da jakarta daga kan bencin.